Bawa Ba Ya Shaida

Tun ranar da mahaifinta Malam Mudi ya yanke hukuncinsa a zaure, Lauratu ta ɗauka hankalinta zai kwanta. Ina. Abin da ta roƙa an ba ta, amma zuciyarta ta ƙi zama wuri ɗaya, sai ka ce kaza mai neman wurin saka ƙwai.

Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta zauna kaɗi, zaren ya tsinke mata. Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinta da ta rene ta, tana daga bakin murhu tana kallonta ta wutsiyar ido.

"Ke Laure, wai ƙuma ne a tabarmar? Baƙon naki ya ce ya zauna, ubanki ya ce da kaka a ɗaura. To me kuma ya rage, ko so kike a ɗaura yau?"

"Ba komai, Gwaggo."

"Ba komai ɗin ne ya ramar da ke."

Baƙon da Gwaggo ke faɗa shi ne Aƙilu. Ɗan Dayi ne gaba da baya, kowa ya san kushewar kakansa. Yana saurayi ya bi ayari zuwa Nufe da kayan kanwa a ka, aka daina jin ɗuriyarsa, sai bana da rani ya faɗo gari ya zama cikakken mutum. Ya ce aiki ya yi a jirgin yaƙin Turawa, mai cin itace yana aman hayaƙi, a kan kogin Kwara. Ya tarar Lauratu na zawarci, ya shiga nema. A lokacin kuwa Mati, mai gonakin auduga har ba a ganin iyakarsu, ya riga ya share wuri ya zauna yana jiran a ce masa bisimilla.

Lauratu ta ce ita Aƙilu take so. Ba ta ɓoye ba, ba ta yi kwana-kwana ba.

Ranar gayyar noma aka samu matsala. Aƙilu ya tara abokai a gonar Malam Mudi kamar yadda mai neman aure ke yi, rana ta yi zafi, ya tuɓe taguwa. Sai ga wani baƙin zane a damtsensa, kamar ƙugiya mai baki biyu.

Mati ya dogara da hauyarsa, ya ce a hankali yadda kowa zai ji, "Ikon Allah. Malam Aƙilu, wannan tsagar wane gari ce?"

Mutanen Dayi kuwa da tsaga suke karanta mutum. Sun san ta Bakatsine, sun san ta Bagobiri, sun san ta Babarbare. Wadda babu garin da ya mallake ta, a kan damtse kuma, ai ba sai an tambayi malami ba: shaidar ubangiji ce a jikin bawansa. Kafin a sha furar gayya magana ta gama gari. Kamar da gangan, a makon nan wani falke ya iso daga kudu da saƙon baki, wai Baturen jirgi ya ce Aƙilu ya komo kafin Kwara ta fara janyewa.

Shi ne Malam Mudi ya kira shi zaure.

"Ni ba na ba bawa ɗiyata, ko bawan wa ne. Ka ce kai ɗa ne. To ɗa ba ya barin gona tsakiyar marka don wani ya ɗaga masa yatsa. In ka zauna har kaka, na ba ka. In ka amsa kiran nan, mun san igiyar da ke wuyanka."

Aƙilu ya daɗe kansa a ƙasa. Sannan ya ce, "Na zauna, Baba."

Lauratu na bayan zana tana ji. Ta yi hamdala har da hawaye. To amma tun daga ranar ba ta sake ganin dariyarsa ba, kuma abin da ke cin ta ke nan.

Gwaggo ta miƙo mata ƙwarya. "Ungo, kai masa fura gona. Ki yi sauri, an ce in ya tashi wajen wanzami za shi."

"Wanzami? Ba shi da lafiya ne?"

"Lafiya lau. Ƙarfe za a gasa a ƙona masa zanen nan, bakin mutane ya mutu."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mata.

Ta same shi a gindin ɗorawar da ke kan iyakar gona. Hauya na kwance, shi yana tsaye ya juya wa dawa baya yana kallon kudu, inda hadari ke haɗuwa. Sai da ta yi sallama sau biyu kafin ya ji.

"Laure. Sannu da rana."

Ta durƙusa ta ajiye furar. Bai ko dube ta ba, furar.

"An ce za ka wajen wanzami."

"Haka ne."

"Saboda ni."

"Saboda wa zan yi in ba ke ba?" Ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Fata ce kawai, za ta warke."

"To in ba shaidar bauta ba ce, mece ce? Ka rantse wa Baba, ka rantse wa liman, amma ni ba ka taɓa zaunar da ni ka gaya mini ba."

Ya zauna a kan saiwa, nesa da ita kaɗan. Ya shafa damtsen.

"Hoton ƙarfen da ake jefawa ruwa ne don jirgi ya tsaya. Ma'aikatan jirgi ke yi wa junansu da allura da garin albarushi. Ƙuruciya ce ta ja ni. Shi kansa Baturen yana da irinta a nan, daidai inda tawa take. Kin taɓa jin ubangijin da ya yi wa kansa shaidar bayinsa?"

"Ka faɗa wa Baba haka?"

"Na faɗa. Ya ce ba a gani a nan ba."

Lauratu ta shiga tsinkar ciyawa. Tambayar da ta kwana da ita ta tashi da ita tana nan a maƙogwaronta, kuma tana tsoron amsar. Amma ta gaji da tsoro.

"Baturen nan, me zai yi da kai da ya aiko?"

"Bar maganar nan, Laure."

"Ba zan bari ba. Jikinka ne a Dayi, Aƙilu. Kullum idonka na kudu. In haka za ka zauna mini, ai gara in san wa nake kishi da shi."

Ya ɗago ya ga hawaye, ya kau da kai, domin shi ma nasa sun kawo.

"Sunansa ba ya hawa harshe," in ji shi. "Mai Hayaƙi muke ce masa. Bai fi yaron da ke kiwon awaki ba aka miƙa shi jirgin yaƙi, lokacin jiragensu iska ke tura su da manyan ƙyallaye. Ya ce mini da bulala ya koyi hawan itacen jirgi. Ya girma yana farautar jiragen da ke kwasar bayi a teku. Ya yi yaƙi a wani ruwa mai ƙanƙara, sanyi ya cinye masa yatsu biyu. Da aka fito da jirage masu tukunyar wuta, 'ya'yan gata suka ce ƙazanta ce, baƙin hayaƙi na ɓata musu riga. Shi ba shi da uba a fada, sai ya karɓa. Shi ya sa duk inda masassara ke kashe mutane, can ake tura shi. Bai yi mata ba, bai yi ɗa ba. Jirgin nan shi ne gidansa, shi ne gonarsa."

"Allah Sarki."

"Aikina a goshin jirgi yake. Ina jefa igiya mai darma a ruwa, in faɗa masa zurfi. Bara, ruwa ya fara janyewa muna gangarowa, sai wani kwalekwale ya kife a gabanmu, cike da matan Nufawa 'yan kasuwa, har da masu goyo. Na yi masa ihu na ce wajen babu zurfi. Ya ce ya ji. Ya juya jirgin ya nufe su."

"Ya cece su?"

"Mun tsamo na tsamowa. Jirgi kuma ya hau yashi ya zauna daram. Da ya ga sai wata damina zai tashi, ya ce in zo in ga gida. Na yi masa alkawarin zan koma."

Ya tsinke wani kara ya karya shi biyu.

"A wajensu, wanda ya ɗora jirgi a kan yashi sai an yi masa shari'a. Manyansa za su zauna a bakin teku. Ya ce mini karɓe takobin mutum suke yi su ajiye a gabansu, su fitar da shi waje. In an kira shi ya shigo ya ga tsinin na kallonsa, to an tuɓe shi, ya tashi a tutar babu. In mariƙin ne ke wajensa, ya ɗauki abinsa."

"To ai alheri ya yi. Wa zai kama shi?"

"Mataimakinsa. Ya daɗe yana haƙon kujerar. Falken da ya zo ya ce mini yana ta yaɗawa wai a buge Mai Hayaƙi yake ranar, bai san inda yake tuƙawa ba. Turawan da ke sama lokacin, masassarar rani ta kwashe su. Saura suna ƙasa wajen wuta, ba su ga komai ba. Wanda ya tsaya a goshin jirgi, ya ji da kunnensa ya gani da idonsa, saura mutum ɗaya."

Lauratu ta saki ciyawar da ke hannunta.

"Shaida," ta ce. "Shaida ya kira ka."

"Shaida."

"Ka kuma ce wa Baba ka zauna."

"In na tafi na rasa ki." Yanzu kam hawayen sun zubo, bai share ba. "Na auna, Laure. Wallahi na auna har kaina ya yi ciwo. Ranar da masassara ta kayar da ni, mutumin nan da hannunsa mai yatsu uku ya riƙa ɗura mini maganin ɗaci, alhali shi ma jikinsa rawa yake. Amma na auna shi da ke, kin rinjaye shi. Allah ya yafe mini. Kada ki sake tambayata."

Ta tashi ta kama hanyar gida. Ya kira ta, ba ta waiwaya ba. Ko ƙwaryar ba ta ɗauka ba.

Wanda bai san Lauratu ba zai ce fushi ta yi. Ba fushi ba ne. Wani tsohon miki ne aka taka.

Mijinta na fari, Ummaru, fataucin goro ya tafi, ruwa ya ci shi a wani mashigi. Mutum biyu suka gani. Ɗaya Manu ne, bawan madugu, wanda ya tako har ƙofar gidansu ƙafafunsa a farfashe ya faɗi abin da ya gani. Alƙali ya ce bawa ba ya shaida. Ɗayan wani Sada ne mutumin Musawa, ɗa ne, maganarsa ɗaya ta isa a fara duba lamarinta. Aka aika masa, ya ce noma ya riƙe shi. Aka sake aikawa, ya ce girbi. Daga baya ya ce shi bai son shiga gaban alƙali. Haka ta zauna shekara huɗu, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba, ko takaba ba a bar ta ta yi wa mamacinta ba. Babu sallar da ta yi a shekarun nan ba ta kai ƙarar Sada wajen Allah ba.

Yau ga shi ita ce gonar da ta riƙe wani Sadan.

Ta shiga gida kamar an koro ta. Gwaggo ta tare ta a tsakar gida.

"Ina za ki haka? Ubanki na zaure da baƙo."

"Wajensa za ni."

"Ke, kina da hankali? Mati ne fa a ciki. Yaushe ɗiya ta fara yi wa ubanta zancen aurenta baki da baki? In magana ce, gaya mini in kai."

"Wannan ba ta aikuwa, Gwaggo. In na tsaya gaya miki, zuciyata za ta hana ni."

Gwaggo ta riƙe mata zane. "Laure, na san idon nan. Duk abin da za ki faɗa, ki tuna tuwo ya riga ya zo bakinki. Kada ki kifar da shi da hannunki."

Lauratu ta zare zanenta a hankali ta wuce.

Malam Mudi na zaune a kan buzu yana gyaran ƙotar fartanya. Mati na gefe, ya kawo gaisuwa wai, shi da ba ya gajiya da gaisuwa. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Baba, a gafarce ni. Tambaya gare ni."

Tsohon ya ɗago da mamaki. "Ina jin ki."

"Ranar da Manu ya zo da labarin Ummaru, me alƙali ya ce?"

Fuskarsa ta canza. Shi ya raka ta ranar, shi ya dawo da ita tana kuka.

"Me ya tono wannan kuma? Ya ce bawa ba ya shaida."

"Ko a kan wani?"

"Ko a kan wa."

"Balle a ce ya shaidi ubangijinsa?"

"Wannan ai ko mahaukacin alƙali ba zai saurara ba. Bawa ai abin da ubangijinsa ke so zai faɗa."

"To Baba, Baturen nan ba aiki ya kira Aƙilu ba. Shari'a za a yi masa gaban manyansa, ya kira shi ya tsaya masa shaida."

Ta kwashe labarin kwalekwale da na takobi ta faɗa, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Malam Mudi ya ajiye fartanyar.

Mati ya yi gyaran murya. "Baba, ai waɗannan ba Musulmi ba ne. Wa ya san yadda suke shari'arsu?"

"Shari'a shari'a ce, Mati," in ji tsohon. "Ko arnan dutse ba su kiran bawa ya wanke ubangijinsa. Mutumin da igiya ta zo masa wuya ba zai aika tafiyar wata guda a kira masa wanda za a kora daga bakin ƙofa ba. In dai shaida ya kira shi, to ya san ɗa ne."

Lauratu ta rufe ido. Ta san mahaifinta. Bai taɓa ɗaukar magana ya ajiye ta a rabi ba.

"A kira mini Aƙilu."

Aka same shi a hanyar gidan wanzami. Ya shigo ya durƙusa, ya ga Lauratu, ya ga idonta, nan take ya gane.

"An ce shaida aka kira ka."

"Haka ne, Baba."

"Ka ɓoye mini."

"Kun riga kun yanke, Baba. Na ji tsoron in na ƙara magana a ce dabarar tafiya nake."

"To na warware abin da na yanke, don a kan kuskure na yanke shi." Malam Mudi ya nuna shi da yatsa. "Na ga abin da ɓoye shaida ya yi wa gidan nan. Ba zan haɗa jini da mai yin sa ba. In ka je ka tsaya gaban manyan nan suka karɓi maganarka, kai ɗa ne, ka dawo na ba ka ita ko ba ka da ko anini. In ka zauna, to ko dai bawa ne kai da ya gudo, ko ɗan da ya ci amana. Duka biyun ba ni so."

"Baba," Aƙilu ya fara.

"Ban gama ba. Ɗiyata ta yi jiran wani matafiyi har ƙuruciyarta ta kusa ƙarewa. Ba za ta sake ba. Ruwan shuka na fari na baɗi in ya sauka ba ka cikin Dayi, Mati ya turo magabatansa." Ya juya wajenta. "Ke bazawara ce, ba na yi miki dole. Amma ke kika kawo maganar nan. Kin yarda?"

Mati ya sunkuyar da kai, yana ɓoye abin da ke fuskarsa. Shi ya san hanyar Nufe da damina, ya san kogunan da ke kanta.

Lauratu ta share hawayenta. Ta ɗago kai.

"Na yarda, Baba."

Washegari da hantsi Gwaggo ta raka ta bayan gari, ta tsaya daga nesa tana ta share ido da bakin mayafi. Aƙilu na tsaye da sanda da ɗan ƙunshin guzuri. Falken da zai bi ya riga ya yi gaba da jakinsa.

"Me ya sa, Laure? Na riga na zama naki."

"Rabinka ne ya zama nawa." Kuka take sosai yanzu, ba ta damu da masu wucewa ba. "Da ka zauna, duk ranar da ka yi shiru zan san inda ka tafi. Wata rana kuma za ka dube ni ka ga abin da na sa ka zama. Na san yadda ake jiran mai shaida, Aƙilu. Na san yadda ake kallon hanya. Ba zan sa a yi wa wani ba, ko da Bature ne."

"Daga Kwara sai teku. Ban san yaushe manyan za su zauna ba. In suka ja lokaci fa?"

"Sai ka yi gudu."

"In ruwa ya riga ni?"

Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa damtsen nan mai ƙugiya, ta tuna inda take, ta janye.

"Kada ka bari a ƙona shi," ta ce. "Ka dawo mini da shi yadda yake."

Ya tafi yana waiwaye har dawa ta rufe shi. A daidai wurin nan ta tsaya ranar da Ummaru ya tafi, gindin wannan marken dai, ta kuma san Gwaggo ma ta tuna, shi ya sa ta ƙi matsowa.

Suna komawa aka fara yayyafi. Manoma na ta wucewa da hauyoyi a kafaɗa, suna yi wa juna barka da ni'ima. Wani tsoho ya ɗaga hannu sama ya ce Allah ya maimaita mana baɗi, ya kawo ta da wuri. Kowa ya ce amin. Gwaggo ma ta ce amin, don bakinta ya saba.

Lauratu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ɗiyar manomi ce, a garin manoma, da dawa aka yi mata jini da tsoka. Amma daga yau har baɗi, duk Dayi ita kaɗai za ta riƙa ɗaga hannu tana roƙon Allah ya jinkirta ruwa.